Hannun Dawowa

A mashigin da ke yamma da Argungu, jiragen ruwa bakwai ne ke ƙetarar da mutane idan gulbi ya cika. Na Hodi shi ne na uku a layi, kuma ya riƙe wurin shekara goma sha tara. Ba a rubuta layin ko'ina ba. Sarkin Jirgi Riskuwa ne ke riƙe da shi a ka, da ƙa'ida guda: wanda ya bar wurinsa damina biyu a jere, an ba wani.

Hodi ya riga ya rasa damina ɗaya.

A watan Fabrairun bara kabu-kabun da ya hau ya kayar da shi a hanyar kasuwa, hannunsa na hagu ya karye a ƙasan kafaɗa. Mai ɗori ya ɗaure shi wata uku. Da aka kwance, ƙashi ya haɗe, amma hannun ya rame har ana ganin bambancin ta cikin riga. Hodi bai damu ba, domin da dama yake ci, da dama yake gaisawa, kuma a ganinsa da dama yake tuƙi.

Gulbi ne ya nuna masa ba haka ba ne. Matuƙi yana tsayawa a gindin jirgi, ya kafa gora a gefen da ruwa ke gangarawa don kada ruwan ya tafi da shi. In za a ƙetare daga gari, wannan gefen yana dama. In za a dawo, yana hagu. A ranar farko da ruwa ya cika bara, Hodi ya kai mutane tsallake lafiya. A dawowa, da mutum goma sha ɗaya a ciki, hannun hagu ya kasa riƙe gora a tsakiyar ruwa. Jirgin ya juya sau biyu, ya gangara, ya maƙale a cikin ciyawa. Ba wanda ya mutu. An rasa akuya ɗaya da buhun shinkafa biyu, mata kuma suka fito da ruwa har ƙirji, da yara a bisa kafaɗa. Riskuwa ya sa aka janye jirgin zuwa tudu a yammacin ranar.

Hodi ya yi rani yana shafa man da aka ba shi, yana jiran hannun ya dawo da kansa. Sai a tsakiyar watan Mayu matarsa Ummu Hani ta sa shi ya shiga motar Birnin Kebbi.

A asibiti aka tura shi sashen gashin ƙashi. Ma'aikaciyar da ta karɓe shi sunanta Magdalena, 'yar Filato, wadda ta yi shekara goma sha biyu a garin. Daga unguwar Gwadangaji take zuwa aiki a Keke Napep, kuma a ranar mutum talatin ne ke jiranta a kan benci.

"Malam Hodi, wane hannu ne?"

"Hauni na, Likita."

"Hauni kuma? Mai yanke kai?"

Wata tsohuwa da ke kwance a gadon gefe ta yi dariya. "Hagu shika nuhi, ɗiyata. Nan haka muka cewa."

"To, Allah ya raba mu da wancan," in ji Magdalena. "Kawo wannan."

Ta miƙa masa wani ƙarfe mai agogo a kai, ta ce ya matse iya ƙarfinsa. Da dama allurar ta tsaya a arba'in da huɗu. Da hagu ta tsaya a goma sha tara. Ta rubuta lambobin biyu a katinsa, ta tambaye shi sana'arsa. Da ya bayyana mata yadda ake kafa gora, ta sa shi ya miƙe ya kwatanta da sandar tsintsiyar goge ɗaki, ta tsaya tana kallon kafaɗarsa.

Abin da ta ba shi ba shi da wuya. Ya sami robar cikin tayar babur, ya ɗaura a reshe sama da kansa, ya riƙa jawowa ƙasa da hannu ɗaya kamar mai tura gora. Safe da yamma.

"Ka fara da hagu," ta ce. "Ka ja har ya gaji, kana ƙirgawa. Sai dama ya yi daidai abin da hagu ya yi, ya tsaya. Ka dawo bayan mako shida."

Sau ɗaya ta faɗa, tana riƙe da katin mai biye masa.

Hodi ya ji ta sarai. A cikin mota ya yi ta juya maganar, ya yanke cewa matar ta san ƙashi amma ba ta san yadda ake fara abu ba. Tun yana yaro ya san cewa da dama ake sa takalmi, da dama ake fara alwala, da ƙafar dama ake shiga masallaci da sabon jirgi. Ita ba Musulma ba ce, ba laifinta ba ne, kuma bai ga dalilin kunyata ta a gaban mutane ba. Aikin dai shi ne a ja roba da hannu biyu, kuma zai ja.

Ya ɗaura robar a reshen dogon yaron da ke tsakar gidansa. Kowace safiya yakan yi bisimilla, ya kama da dama, ya ja har arba'in, wani lokaci hamsin. Tsayar da hannu mai ƙarfi a kan bakwai ko takwas ya zame masa kamar lalaci. Idan ya koma kan hagu, numfashinsa ya riga ya yi sama. Yakan ja biyar, na shida ya ɗaga kafaɗa ya karkata jiki, na bakwai kuma bayansa ne ke ja, ba hannun ba. Bai rasa ko rana ɗaya ba. A mako na huɗu wuyansa ya fara ciwo.

Ya koma asibiti a ƙarshen watan Yuni, an riga an yi shuka. Dama ya ba da arba'in da tara. Hagu ya ba da ashirin.

Magdalena ta duba katin, ta sa ya sake matsawa. Lambar ba ta canza ba.

"Kana yi kuwa?"

"Sahe da marece. Tambayi mai ɗakina."

"Nuna mini."

Ta ɗaura roba a ƙarfen taga. Hodi ya tsaya, ya yi bisimilla, ya kama da dama. Ta bar shi ya kai ashirin kafin ta yi magana.

"Malam Hodi, da wane na ce ka fara?"

Ya saki robar a hankali. "Likita, mu nan ba mu hwara abu da hauni."

"Ko magani?"

"Balle magani. Abin da kaka son albarka ciki."

Ta zauna. Ta sake duban lambobin.

"Da ka zo, tsakanin hannayenka ashirin da biyar ne. Yau ashirin da tara. Ka yi mako shida kana ciyar da wanda ya ƙoshi. Wanda ke jin yunwa sai ya sami ragowa, lokacin da ka gaji." Ta ajiye biro. "Ni ma da laifina. Shekara goma sha biyu ina garin nan, ya kamata in sa ka maimaita a gabana."

"Ba laihinki na ba."

"Ba zan yi maka maganar addini ba, ban san shi ba. Abin da na sani shi ne, in ba hagu ya fara ba, kuma in dama bai tsaya inda hagu ya tsaya ba, kada ka ɓata kuɗin mota ka dawo. Yaushe ruwa ke cika?"

"Tsakiyar Agusta."

Ta ƙirga makonnin a yatsu.

Kwana uku bai taɓa robar ba. A rana ta huɗu da hantsi Ummu Hani tana tsince shinkafa a faifai, shi kuma yana zaune a gindin itacen, robar na lilo a saman kansa.

"Malam, robag ga ta zama kayan ado?"

"Bar ni, Ummu."

"Ni dai tambaya nika yi. In ka isa ƙohwar masallaci, wace ƙahwa kaka hwara tuɓe ma takalmi?"

Ya dube ta. "Hauni."

"In za ka hito?"

"Hauni."

"Riga hwa, in za ka cire?"

Ya ɗaga kai ya dubi robar.

"To, ba sa wani abu za ka yi ba," ta ce, idonta na kan faifai. "Ciwo na za ka tuɓe. Ni ban yi karatu mai nisa ba. Ka tambayi liman in kana so."

Ya tambayi liman bayan azahar. Liman ya ce bai ga abin tambaya a ciki ba, jan roba ba ibada ba ce, ya ja da wanda likita ta ce. Amsar ba ta kwanta wa Hodi kamar ta matarsa ba, amma ya haɗa su biyun. Da yamma ya tsaya a gindin itace, ya yi bisimilla, ya miƙa hannun hagu. Ya ja tara ba tare da ya karkata ba. Sannan ya kama da dama, ya ja tara, ya tsaya. Tsayawar ce ta fi yi masa wuya. Hannun bai ko yi ɗumi ba.

A mako na biyu hagu ya kai goma sha huɗu. A na huɗu ya kai ashirin da biyu, ciwon wuya ya tafi. Ya fara ɗaukar guga da hagu daga rijiya, abin da ya sa maƙwabcinsa ya tambaye shi ko ya koma bahago da tsufa. Ruwan sama ya yi yawa a wannan shekarar. A farkon Agusta fadama ta fara shan ruwa, manoman da ke da gonaki a tsallake suka daina bi da ƙafa.

Ranar sha ɗaya ga wata ya koma Birnin Kebbi. Dama arba'in da bakwai. Hagu talatin da ɗaya.

"Ka yi aiki," in ji Magdalena. "Da tun farko haka ka yi, da yau muna maganar talatin da takwas ko arba'in."

"Talatin da ɗaya ba ya isa?"

"Ya isa ɗaukar guga. Ina so ya kai arba'in da biyu kafin ka ɗauki mutane. Kuma ba matsa ɗaya ba ce kawai. Wannan ƙarfen daƙiƙa uku kake matse shi. Minti nawa kake ƙetare gulbi?"

"In ya cika, ashirin."

"To, ka gani. Ka ba ni wata uku."

"Jibi Sarkin Jirgi za shi gwada ni. In ban shiga bana ba, wurina ya tahi."

"Mutum nawa jirginka ke ɗauka?"

"Sha biyu."

Ta rufe katin. "Ba ni da ikon hana ka. Ni dai ba zan shiga ba."

Riskuwa dattijo ne mai shekara saba'in da ɗoriya, idonsa ya fara yin hazo, amma ba a taɓa jin ya sauya magana ba. Gwajin da ya sa mai sauƙin fahimta ne. Aka loda wa jirgin Hodi buhunan taki goma sha biyu na wani manomi, a madadin mutane. Ya kai su tsallake, kada a sauke, ya dawo da su, ya tsaya a mashigi daidai inda ake tsayawa. Sauran matuƙa shida suka zauna a bakin ruwa. A cikinsu akwai wanda ƙanensa Sunusi ya sassaƙa sabon jirgi tun bara yana jiran wuri.

Zuwa bai ɗauki minti goma sha biyar ba. Hodi ya juya jirgin, ya mayar da gora gefen hagu. Kashi ɗaya cikin uku na farko hannun ya riƙe. Ya ji shi yana aiki kamar da, har ya fara tunanin matar ta cika tsoro. Da ya shiga tsakiya, inda ruwan ke da ja, yatsunsa suka fara mutuwa daga ƙaramin zuwa babba. Ya kafa gora, ya tura, sai hannun ya buɗe da kansa. Gorar ta zame ta bugi haƙarƙarinsa. Ya danne ta da ƙirji da hammata, ya kai hannun dama ya cafke, kan jirgin ya karkata kamar taku biyu sannan ya dawo. Daga nan har gaɓa da ƙirji ya tura, hagu na ɗore a kan gora don masu kallo.

Daga bakin ruwa tazarar ta yi nisa. Abin da aka gani shi ne jirgi ya ɗan karkata ya miƙe, kuma ya tsaya inda ake tsayawa.

"Madalla," in ji Riskuwa. "Gobe ka shiga layinka."

"Na gode, ranka shi daɗe."

Wani ya ce ashe roba ma tana maganin karaya, a sayo wa Sarki guda don gwiwarsa. Aka yi dariya. Hodi ya yi tare da su, hannun hagu na cikin aljihu.

A gida Ummu Hani ta kawo masa fura da la'asar. Ya karɓi ludayi da dama. Ƙwaryar na neman karkata a kan tabarma, ya kai hagu zai tallafe ta, yatsun suka ƙi rufewa. Fura ta zube kaɗan. Ta goge, ta ga inda rigarsa ta manne a haƙarƙari, ta ɗaga. Fatar ta kumbura, ta yi baƙi tsawon tafin hannu.

"Mi ab buge ka?"

"Gora."

"Ina?"

"Tsakiya."

"Sarki ya gani?"

"Jirgi ya iso inda aka isowa, Ummu. Shi aka tambaya."

"Buhu ba ya motsi," ta ce. "Buhu ba ya tashi tsaye in ya ji tsoro."

"Shekara sha tara nika ga wuringa. Ubana yab bar min shi. In na bari, mi za ni yi? In riƙa bin Sunusi ina kwashe mishi ruwa cikin jirgi?"

Ta dafa ruwan zafi ta gasa masa wurin, ta ɗauke ƙwaryar.

Washegari ranar kasuwa ce a wani ƙauye na tsallake, mashigi ya cika tun da sassafe. Jirgi na ɗaya ya tashi, na biyu ya bi. Hodi ya jawo nasa ya daidaita shi, ya tsaya a gindi da gora. Hannun ya huce cikin dare, yatsun suna rufewa, ko da yake ba da ƙarfi ba. Mutane suka fara shiga: mai buhun gishiri, mata uku da ƙwaryar daddawa, wani malamin makaranta da takalmansa a hannu, wata mai goyo.

Ta bakwai Ummu Hani ce. Ta sa mayafinta na unguwa, tana riƙe da ƙunshin goro. Ta tattare zane, ta taka cikin jirgin, ta wuce ta zauna a kan katakon tsakiya, ta fuskance shi.

"Ina za ki?"

"Gaida Inna. Ka san ƙahwarta ta matsa mata."

"Ki bari jirgin baya."

"Don mi? Ga jirgin gidanmu." Ta gyara zama. "Ba kwana za ni yi ba. In ka juyo, da ni za ka dawo."

A shekara ashirin da biyu na aurensu ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarta ba. 'Yar tudu ce, ba ta iya iyo ba, kuma ya sani. Ta ɗora ƙunshin a cinya, ta riƙe gefen jirgi da hannu biyu.

Sauran biyar suka shiga. Mutum goma sha biyu. Jirgin ya nutsa zuwa inda ya saba nutsawa. Malamin makaranta ya duba agogo. Daga bayansu matuƙin jirgi na huɗu ya ce, "Hodi, ko barci kaka yi? Tashi mu samu wuri."

Hodi ya kafa gora a gefen dama. Zuwa ba matsala ba ce, zai kai su cikin minti goma sha biyar. Ya dubi tsakiyar gulbi inda ruwan ke ja, ya dubi mai goyon, wadda ta kwance ɗan ta mayar da shi gaba. Sannan ya dubi matarsa. Ita ba gulbin take kallo ba, hannunsa na hagu take kallo.

Ya zare gorar daga ruwa, ya kwantar da ita a tsawon jirgi.

"Jama'a, ku yi haƙuri. Ku koma na baya."

Aka yi gunaguni. Mai gishiri ya tambaya ko jirgin na yoyo ne. Hodi ya ce a'a. Ya riƙe jirgin har kowa ya fita, ya miƙa wa mai goyo hannu ta taka. Ummu Hani ce ta ƙarshe. Ba ta shiga na huɗun ba.

Riskuwa na zaune a kan turmin da yake zama a gindin giginya. Hodi ya je ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, jiya gora ta kuɓuce min tsakiya. Da ƙirji nit turo."

Dattijon ya dube shi. "Ban gani ba," ya ce. "Da ka yi shiru, da ba wanda ya sani."

"Likita ta ce wata ukku."

"Wata ukku ruwa ya janye. Ka san ƙa'ida, Hodi. Ba ni na aje ta ba, kuma na yi ma wasu ita."

"Na sani."

Riskuwa ya ɗaga murya kaɗan ya ce a kira Sunusi.

Kafin azahar sabon jirgin ya shiga wuri na uku. Hodi da wasu mutum biyu suka janye nasa zuwa tudu, suka kife shi inda ya yi bara. Manomin da ke da takin jiya ya tambaye shi ko zai riƙa kai masa kaya in ruwa ya ragu, ba mutane, buhuna kawai. Hodi ya ce zai duba.

Suka taka zuwa gida, shi a gaba da gora a kafaɗa, ita a baya da goron da ba a kai wa Inna ba. Bayan la'asar ya tsaya a gindin dogon yaro. Haƙarƙarin na ciwo idan ya ɗaga hannu. Ya kama robar da hagu, ya ja goma sha shida, ƙasa da na makon jiya. Ya kama da dama, ya ja goma sha shida, ya tsaya.